Idan aka ce "babban birni", wane hoto ne ke fara zuwa muku?

Ɗan_Kwarbai: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma ina so kowa ya faɗi abin da ke ransa. Idan aka ce maka "babban birni", ka rufe ido, me kake gani kafin ka tsaya tunani? Ni dai dare nake gani, dogayen benaye na gilashi, fitilu ko ta ina, motoci a jere kan gadar sama. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa zama a irin wannan wuri ba. Cikin ganuwar Zariya aka haife ni, nan na girma. To ta ina wannan hoto ya shiga kaina? Kuma me ya sa Zariya ba ta faɗo mini a rai?

Ummi_Kongo: Wa alaikumus salam. Dubai. Ko tsayawa tunani ban yi ba. Burj Khalifa da daddare, ruwan nan yana tashi sama a gabansa. Hawa ɗari biyu fa!

Injiniya_Samaru: Ƙanwata, hawa 163 ne, tsayinsa mita 828, a 2010 aka buɗe shi. Amma amsarki ita ce amsar yawancin sa'anninki, zan dawo kan dalili in na samu sarari.

Sani_Tirela: Ku da kuke ganin birni a waya daban, mu da muke shigarsa da kaya daban. Ni birni Legas ce. Ka kwana biyu a hanya, ka bi ta Ibadan, ka iso Berger da asuba, tun duhu bai washe ba mutane sun cika titi suna sauri kamar an koro su. Motocin danfo rawaya, kwandasta rataye a ƙofa yana kiran unguwanni da ƙarfi. Warin teku da hayaƙi da soyayyen abinci duk a haɗe. In ka hau gadar Third Mainland, kilomita kusan 12 kana tafiya a kan ruwa, ka leƙa gefe ka ga gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa, ka ɗaga kai ka hango benayen tsibiri can gaba. Duk Afirka babu gada mai tsawonta. In ka tambaye ni, garin da ba ya barci shi ne birni, kuma ban ga wanda ya kai Legas rashin barci ba.

Abu_Gyallesu: Malam Sani, gyara kaɗan. Lokacin da Babangida ya buɗe ta a 1990 ita ce kan gaba, amma daga baya gadar 6 ga Oktoba da ke Alƙahira ta wuce ta, ita ta haura kilomita 20. Sauran bayaninka kuwa babu gyara. Na zauna Agege wajen kawuna, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne za ka yini a Legas ba ka yi wani yare ba sai Hausa. Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, duk mutanenmu ne.

Baba_Muciya: 'Ya'yana, mu a zamaninmu ba ma cewa Legas, Ikko muke cewa. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a barikin ma'aikata na Sabon Gari na tashi. Muna yara mukan je tasha mu tsaya mu ga jirgin da ya taso daga Iddo zai wuce Kano. Mutanen da ke sauka daga cikinsa su ne birni a wurinmu: akwatin ƙarfe, agogon hannu, takalmi sau-ciki, rediyo a kafaɗa. Ba mu san siffar garin ba, daga kayan da ke fitowa daga can muke ƙera shi a kai. Wani yaro ya ce mana a Ikko fitila ake kunnawa a kan titi har gari ya waye ba mai kashewa, muka yi ta musu da shi, don a ganinmu wannan ɓarnar kananzir ce da ba mai hankalin da zai yi. Babu dogon bene ko ɗaya a cikin birnin da nake gani a lokacin. Fitila ce, da famfo, da jirgin ruwa.

Ɗan_Kwarbai: Allah ya ƙara girma Baba. Ke nan hoton ma canzawa yake daga tsara zuwa tsara.

Malam_Limancin_Kona: Sosai kuwa, kuma akwai wanda ya girmi na Baba. Mu da muka tashi a zaure gaban malamai, biranen da muke ji su ne Makka, Madina, Misira, Bagadaza, Santambul. Idan malami ya zo kan labarin Bagadaza a zamanin Haruna Rashid, abin da almajiri ke gani a zuciyarsa ganuwa ce mai kauri, ƙofa da masu gadinta, fada, masallacin Juma'a, kasuwa, da zaurukan karatu. Kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin Halifa Mansur da ya kafa Bagadaza a shekarar 762 a zagaye ya gina ta, da ganuwa da ƙofofi huɗu, fada da masallaci a tsakiya. Yanzu ka duba garinmu. Ka shigo ta Ƙofar Doka ka miƙe, ina za ka ɓulla? Ƙofar fada, ga masallacin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu a gefenta. Ga Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Jatau, Ƙofar Galadima, Ƙofar Kibo. Kakanninmu ba su da buƙatar hango wani gari kafin su san yadda birni yake, suna zaune a cikinsa. Matafiyi na hango rimaye daga nesa ya san ya iso. Ɗan_Kwarbai, abin da ya same ka shi ne an sauya maka ma'auni. Da kariya da ilimi da kasuwa ake auna birni a da, yanzu da tsayi da haske.

BaKano_a_PZ: Malam, da girmanka, amma in ana zancen ganuwa da kasuwa ai sai a ba mai abu abinsa. Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, ƙarni na 15. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ana kai su har Timbuktu. Yau ma je ka Kwari ko Singa ko Dawanau ka ga 'yan Nijar da Chadi da Kamaru suna lodi. Ni in na rufe ido Kwari nake gani ana saura kwana uku Sallah.

Abu_Gyallesu: To me ya zaunar da kai PZ, Bakano?

BaKano_a_PZ: Neman halal, Bazazzagi. Kuma ai ku ma duk wanda zai haɗa lefe a cikinku motar Kano yake shiga.

Maman_Ilham: Duk maza kun tafi kan gini da kasuwa. Ni wallahi birnin da ke kaina ba shi da wani tsayi. Gari ne da zan murɗa famfo a cikin ɗakin girki ruwa ya zo, ko da ƙarfe biyun dare ne. Yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare in samu abin hawa, in je asibiti in tarar da likita da wuta. In yi miya in saka a firji ta kwana uku ba ta lalace ba. Ku tambayi duk matar da ke jiran mai kura da safe kafin ta ɗora tukunya, ba Burj Khalifa take mafarki ba.

Hajiya_Tudun_Jukun: Allah ya yi miki albarka Maman Ilham. Kuɗin da muke kashewa a ruwa a wata ya isa wani abu. Ga Kubanni ga Galma a gefenmu, amma jarka muke saye.

Abu_Gyallesu: Mu nan rijiyar burtsatse ce ta cece mu, layinmu aka haɗa kuɗi aka haƙa. Sai dai in babu wuta babu ruwa, sai an sayi man janareta.

Shugaban_Zaure: Jama'a, maganar ruwa tana da nata zaren, kuma ya yi tsawo. Mu koma kan tambayar Ɗan_Kwarbai.

Injiniya_Samaru: Ranka ya daɗe, ni a ganina Maman Ilham ba ta fita daga maganar ba, ita ce ma ta fi kowa kusa da ita. Bari in cika alkawarin da na yi wa Ummi. Dogon bene ba tsohon abu ba ne. Sai da abu biyu suka haɗu kafin ya yiwu: ƙashin gini na ƙarfe, wanda ke ɗaukar nauyi maimakon bango, da lifta mai birki, don ba wanda zai yarda ya taka matakala hawa talatin kullum. A Chicago aka fara, a 1885, da gini mai hawa 10 kacal. New York ta karɓa ta wuce gaba saboda Manhattan, cibiyar garin, tsibiri ne, fili ya yi tsada, babu wajen faɗaɗawa sai sama. A 1931 suka gama Empire State mai hawa 102. Daga nan masu shirya fim na Amurka suka yi ta nuna wa duniya wannan jerin benaye, har ya zama duk wanda zai zana birni, ko a littafin 'yan firamare ne, shi yake zanawa. Dubai ta zo daga baya ta gina irin hoton da duniya ta riga ta saba da shi, da gangan, don jawo baƙi da jari.

Amma mu da muka karanci tsara gari mun san abin da ke riƙe da birni yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake: bututun ruwa, magudanar ƙazanta, wayoyin lantarki, hanyar jirgi. Landan ta buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1863, lokacin ba ta da dogon bene ko ɗaya irin na yau. Tsakiyar Paris har gobe yawancin gidajenta hawa shida ne ko bakwai, wa zai ce ba birni ba ce? Matsalar ita ce ba a ɗaukar hoton bututu a saka a fuskar waya. Shi ya sa shugabanninmu ma suka fi son gadar sama, ita ake gani.

Ummi_Kongo: Na gode Yaya Injiniya. Amma ni ban ga laifin son abin da ya yi kyau ba. Ai mutum ba ruwa kaɗai yake sha ba, ido ma yana da haƙƙinsa. Kuma Dubai ɗin tana da jirginta tun 2009, marar direba ma.

Mai_Hoto_Sabongari: Ɗan_Kwarbai, kana tambayar ta ina hoton ya shiga kanka. Wani ɓangare ta shagonmu ya shiga. Na gaji sana'ar hoto wajen maigidana, kuma kafin zuwan wayoyin nan kowane shagon hoto yana da labulen bango. Namu guda uku ne: mai lambu da furanni, mai Ka'aba, da mai dogayen benaye da jirgin sama yana wucewa ta samansu. Ranar Sallah samari layi suke yi a kan na ukun. Yaro zai zo daga Giwa ko Soba da sabon ɗinki, ya tsaya gaban benayen nan, ya ɗora ƙafa kan kujera, a ɗauka ya kai gida. Wanda ya zana labulen a nan Sabon Gari yake, bai taɓa wuce Kaduna ba. Daga kalanda ya kwafa.

Ɗalibi_daga_Kudan: Ni zan faɗi abin da wataƙila zai ba 'yan cikin gari mamaki. Babban birnin da na taso ina gani a raina Zariya ce. A ƙauyenmu in aka ce wane ya tafi birni, nan ake nufi. Ranar da babana ya fara kawo ni, muka sauka Kwangila na ga gada a sama motoci na bi ta kai, na riƙe rigarsa gam. Da muka shiga jami'a na ga ginin Senate, sai da na tsaya ina ƙirga tagogi. A PZ na fara ganin banki, a Zariya na fara ganin ƙaramin jirgin sama na makarantar koyon tuƙi yana shawagi ƙasa-ƙasa. Yanzu ina aji uku, na saba, har na fara cewa Zariya ƙauye ce kamar yadda abokaina ke faɗa. Amma ƙannena da ke gida har yanzu in na koma tambayata suke yi yadda birni yake. Yaya Ɗan_Kwarbai, garin da kake cewa ba ya faɗo maka a rai, wasu shi suke kwana suna mafarki.

Ɗan_Kwarbai: Wannan magana ta shige ni, ƙanina. Ban taɓa kallon Kwangila da wannan ido ba.

Hajiya_Tudun_Jukun: Ni kuma tun ina yarinya Makka ce. Akwai hoton Harami a ɗakin kakata, da dare aka ɗauke shi, hasumiyoyi sun yi fari fat. Da Allah ya nufa na sauke farali, abin da na tarar ya wuce hoton. Ginin agogon nan mai mita 601 yana tsaye daf da Harami, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo. Amma ba shi ya zauna mini a rai ba. Mutane ne. A sahu ɗaya 'yar Indonesiya a damana, 'yar Turkiyya a haguna, ga 'yar Sudan a gaba, ba mai jin yaren wata amma ana miƙa wa juna dabino da zamzam. Tun daga nan, in aka ce birni, taron jinsi-jinsi nake gani. A nan gida ma Sabon Gari da Samaru sun fi yi mini kama da birni saboda haka, ka ji Yarbanci nan, Ibo can, Nufanci gaba.

Nura_Abuja: Ni abin da na ɗauka birni shi ne inda ba wanda ya san ka. A Zariya in na fito daga gida kafin in kai bakin titi na gaisa da mutum goma, kuma kafin in dawo an gaya wa Inna inda aka gan ni. Da na samu aiki Abuja, watannin farko daɗi na ji, ba mai tambayar ɗan gidan wane ne kai. Sai da maƙwabcina ya rasu. Ƙofarmu na kallon juna, amma sai bayan kwana biyu na ji, a bakin maigadi. Tun ranar nake tunanin abin. Har yanzu ina ganin rashin sani shi ne alamar babban birni, sai dai ban ƙara ɗaukarsa abin so ba.

Malam_Limancin_Kona: Allah ya jiƙansa. Nura, ban yarda cewa dole birni ya zama haka ba. Cikin Kano mutane sun fi na unguwarku ta Abuja yawa nesa ba kusa ba, amma a yi rasuwa a Yakasai ko Fagge ka ga jama'a. Abin ya danganta da yadda aka gina wurin. Inda akwai zaure da masallacin unguwa da mai unguwa, mutane za su san juna ko sun kai miliyan nawa. Inda kowa ya ja katanga ya sa waya a kai, ya shiga da mota ya fita da mota, ko gida ashirin ne ba za a san juna ba.

Injiniya_Samaru: Abuja darasi ce a kan wannan zaren gaba ɗaya, domin birni ne da aka fara gani a rai kafin a gina. Gwamnatin Murtala ta yanke shawara a 1976, aka zana a takarda, wani mai zanen gini ɗan Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar garin, aka tare a Disambar 1991. Tituna masu faɗi, komai da wurinsa. Amma masu share ofisoshin da masu tuƙa motocin ina suke kwana? Nyanya, Mararaba, Kubwa, Suleja. Kowace safiya su yi ta fama da cunkoso su shigo, da yamma su fice. In Sallah ta zo garin ya zama wayam.

Nura_Abuja: Gaskiya ne. Ni ma a Mararaba na fara zama, kuma can ta fi rai.

Anti_Wusasa: Ba wanda ya ambaci fim ɗin Indiya? Mu 'yan shekarun 1980 Bombay ce birninmu. Kullum labarin ɗaya ne: saurayi ya baro ƙauye, ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa da ƙullin kayansa, jama'a na bangaje shi, kafin dare an sace masa kuɗi, ya kwana a bakin titi. Saboda haka ni birnin da na taso da shi wuri ne mai kyau da ban tsoro a lokaci guda, inda mai kuɗi ke saman bene talaka na gindinsa. Da yayana zai tafi Legas neman aiki kuka na yi ta yi, don na ɗauka abin da zai same shi ke nan.

Sani_Tirela: Anti, ba ki yi kuskure sosai ba. Na sha ɗauko yaranmu daga can kyauta a bayan mota, sun je da buri sun dawo da leda ɗaya. Wasu kuma sun je da leda ɗaya yanzu suna da shago a Mile 12. Duk wanda zai tafi, ya tafi da adireshin wani nasa a hannu.

Alhaji_Ɗan_Magaji: Ni harkar kaya ta kai ni Guangzhou. Ku bar zancen New York, yanzu benayen a Sin suke. Shenzhen da ke kusa da can, kafin 1980 ba a lissafa ta cikin manyan birane, yau ta haura mutum miliyan 17. Amma in gaya muku gaskiya, abin da ya fi burge ni ba benayen ba ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne da aka rubuta zai zo nan da minti uku kuma ya zo. Injiniya yana da gaskiya a nan.

Ummi_Kongo: Alhaji, amma da ka dawo hoton me ka nuna wa iyalinka, benayen ko allon jirgin?

Alhaji_Ɗan_Magaji: Benayen, 'yata. Su suka ce in nuna musu.

Abu_Gyallesu: Ni abin da ke ci mini rai a maganar Malam shi ne ganuwar da yake faɗa tana ƙarewa muna kallo. Wurare da yawa an ɗebe ƙasar an yi bulo, wasu wuraren an yi gini a kanta. Yaron da aka haifa yau ƙofofin kawai zai gani a tsaye, ba zai san me suke rufewa ba. Ta yaya irin wannan birni zai zauna masa a rai?

Baba_Muciya: Haka tashar jirginmu. Jikokina in na ce musu a nan layin Gusau da Ƙauran Namoda ya rabu da na Kano, kallona kawai suke yi.

Yusuf_Palladan: Na shigo a makare, na karanta tun daga sama. Mamaki nake har yanzu ba wanda ya kira Kaduna. Mu da iyayenmu ma'aikatan gwamnati ne, Kaduna ce birni: Ahmadu Bello Way, Gidan Lugard, masaƙun Kakuri lokacin da ake busa ƙaho ma'aikata na fitowa dubbai a kan kekuna.

BaKano_a_PZ: Kaduna ai bariki ce, Turawa suka kafa ta, sai 1917 suka dawo da hedikwata can daga Zungeru. Garin da ba shi da ganuwa ba shi da marina?

Yusuf_Palladan: To Dubai ɗin da Ummi ta faɗa marina gare ta? In shekaru ne ma'auni, sai a cire Abuja da Shenzhen duka. Injiniya, kai ne masani, Kaduna tana ciki ko ba ta ciki?

Injiniya_Samaru: Tana ciki, amma Bakano ba zai yarda ba. Ina kan hanyar Shika yanzu, in na sauka zan kawo muku yadda aka tsara ta tun farko, da dalilin da ya sa unguwannin Turawa da na ma'aikata suka rabu.